Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya kan Rumbun Gero



Ba mu manta da 2020 ba. Cikin watan Maris gwamnati ta rufe iyakoki da lakkwal da masallatai saboda korona; iyakar Najeriya kuwa tun Agustan 2019 take rufe. Yaranmu suka maƙale Kano da Aljeriya, aike ya yanke. Asham ma cikin gida muka fara ta. Filin kokowa ya yi tsit, makaɗa suka rataye ganguna. Masu sauran gero a rumbu su suka riƙe maƙwabta har kaka.

Don haka muke roƙo, kowane gida namu, na Tasawa da na Mayahi, ya auno tiya biyu cikin rumbun ƙungiya kafin a tafi ci-ranin bana. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi.