Jawabin Ɗora Sabbin Masu Kula da Tudun Ham

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Manyan baƙi, iyayenmu maza da mata, da ku 'yan'uwa da za a ɗora wa amanar wannan wuri yau, sannunku da hawowa. Na hangi dattawan da suka tako tun daga gindin tudu suna dogara sanda. Allah ya saka muku da alheri.

Wannan tsibin ƙasa da kuke tsaye a kai ganuwa ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, mutanen wannan yanki na Somaset suka haƙa gwalalo, suka tara ƙasa da duwatsu, suka kewaye fili mai hekta 88. Ganuwa mai girmanta ba ta da yawa a duk Birtaniya. Rumawa suka shigo a shekara ta 43 Miladiyya, suka shimfiɗa hanyar Fos can ƙasa. Da zama ya yi zama, wani mai hali ya gina katafaren gidan gona irin nasu a gabashin cikin ganuwar. Masu bincike sun tono harsashinsa a farkon ƙarni na 20, kuma yau ciyawa ce ta lulluɓe shi.

Ku ɗora tafin hannu kan dutsen tudun nan da la'asar, bayan ya sha rana. Launinsa na zuma ne, da ɗumi, yana barin ɗan gari a yatsa. Da shi Rumawa suka sassaƙa akwatunan gawa, da shi aka gina babban gidan Montakiyut da ke kusa da mu. Ina son dutsen nan ƙwarai, amma kyansa ne ya ci tudun. Ramuka da tudduna da yara ke tsere a cikinsu duk sawun masu fasa dutse ne, kuma abin da ke binne a wurin ya tafi, ba mai sake ganinsa. Shi ya sa kafin a faɗaɗa ma'aikatar dutse, masana daga jami'o'in Kambirij da Kadif suka yi tono tsakanin 2011 da 2013. Har ƙasusuwan mutane suka samu masu alamun yanka.

To 'yan'uwa, ga aikinku. Dokar 1979 ta hana yawo da na'urar neman ƙarfe a nan ba da izini ba. Idan kun ga mai yin haka, ku fara da lallashi. Ku nuna masa cewa tsabar kuɗin Rumawa, in aka same ta a mazauninta, tana iya faɗa mana shekarun da aka daɓe ɗaki. Da ta shiga aljihu, labarin ya yanke. In zomo ya tono tsingaro, ku rubuta wurin, ku ɗauki hoto, ku sanar da masana kafin a taɓa.

Shugaba, da izininka, ina kiran sabbin masu kula ɗaya bayan ɗaya su matso su karɓi shaidar kama aiki. Allah ya taya ku riƙo.