Ɗan wani ma ɗa ne
Jawabin da aka gabatar a taron makiyaya na bayan damina



Yau maganarmu a kan yara ce, ɗiyan mutane da muke gamuwa da su a bakin rijiya, a kan burtali da cikin kasuwa.

Wata shekara da kaka mun sauka kusa da wani gari a ƙasar Dakoro. Wani yaron manoma, wanda bai wuce shekara 10 ba, ya jefi maraƙinmu a mashaya har ya gurgunce. Samarinmu suka kama shi, sanda ta tashi sama. Sai wata tsohuwa tamu ta shiga tsakani, ta ce: "In naku ne aka kama, me kuke so a yi mashi?" Jikinmu ya yi sanyi. Aka dama mashi fura ya sha, sannan mutum biyu suka raka shi gida, suka gaya wa ubansa abin da ya faru. Uban ne ya hore shi, kuma da marece ya zo rugga da kansa ya ba da haƙuri.

Da shekara ta zagayo, barci ya kwashe yaronmu a wajen kiwo, shanu suka faɗa gonar hatsin mutumen nan. Bai taɓa shi ba. Ya riƙo hannunsa ya kawo mana, muka zauna gaban mai gari, muka biya ɓarna, magana ta mutu.

Jama'a, duk mun san wa ke bin garke: yara ne. Masu tsaron gona su ma yara ne. Su ke fara gamuwa tun manya ba su ji labari ba. Mari ɗaya da babba zai yi wa ɗan wani ya isa ya tada gari biyu. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a 1991 aka kashe mutum sama da 100, galibinsu mata da yara.

Mun san habbanaye. Saniyar da aka ba mu aro muna kula da ita fiye da tamu, har ranar da za mu maida ta ga mai ita. To ɗan mutum bai fi saniya ba?

An ce ɗa na kowa ne. Gaskiya ne, sai dai wannan bai ba mu izinin dukansa ba. In ya yi laifi mu tsawata da baki, mu kai shi ga iyayensa. In yana jin ƙishirwa mu shayar da shi. In dare ya yi mashi, mu raka shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, tamu da ta maƙwabta.