Kujerar wakili da babu kowa a kanta

 

Makon jiya, bayan mun rufe shiri, wani dattijo makiyayi ya bugo mana waya. Ya ce burtalin da yake bi tun yana yaro, wanda a nan muke ce wa masar, bana ya zo ya tarar da tarakta ta cinye gefensa. Shanu suka matsu, wasu suka faɗa cikin dawa, aka kore su zuwa zariba, sai da ya sayar da bijimi ya biya tara kafin a sako masa su. Bai kira don a mayar masa da kuɗinsa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, a da in abu ya faru ana cewa a je wurin na'ib. Yanzu wa ake zuwa wurinsa?" Na ce, "Baffa, ka ba ni mako guda." To, ga makon ya cika.

Amsar a taƙaice ita ce yau babu na'ib. Ranar 11 ga Afrilu 2019, da aka sauke Umar al-Bashir, sanarwar sojoji ta rushe majalisar ƙasa da majalisun wilayoyi baki ɗaya. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta watan Agustan wannan shekarar ta yi alkawarin majalisa mai kujeru har 300, kashi 40 cikin ɗari na mata, amma ba a taɓa kafa ta ba. Aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023, maganar ta bi ruwa. Zaɓen ƙarshe da aka yi a ƙasar nan shi ne na Afrilun 2015. Ni da nake muku magana, a lokacin shekaruna ba su kai na jefa ƙuri'a ba. Har yau yatsana bai taɓa shiga tawadar zaɓe ba, kuma na san da yawa daga cikin samarin da ke bin shanu ko suke lodin kaya a Gallabat haka suke.

Saboda haka bari mu waiwaya mu ga da akwai wakilin, me ya yi, me kuma ya gagare shi.

A zaɓen 2015 majalisar ƙasa kujeru 426 gare ta. Jam'iyyar Mu'utamar Waɗani mai mulki ta kwashe 323. Manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace. Amma 'yan takara masu zaman kansu, mustaƙillin, sun sami 19, kuma ɗaya daga cikinsu namu ne: Mubarak al-Nur, na mazaɓar Fashaga. Shi da irinsu Abul Ƙasim Burɗum na Dongola suka zama 'yan tsirarun da ake jin muryarsu daban a wannan zauren da ke Umdurman.

Mutanen Fashaga ba sa bukatar in gaya musu ciwonsu, amma saboda masu jin mu daga nesa: ƙasa ce baƙa mai albarka tsakanin kogunan Atbara da Sitit da Basalam. Iyakarta ta samo asali daga yarjejeniyar 1902 tsakanin Ingila da Sarki Menelik na Habasha, da alamomin da wani hafsan Ingila mai suna Gwynn ya kafa a 1903. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 manoma daga tsallake suka yi ta faɗaɗa noma a cikinta. A 2008 gwamnatocin biyu suka yi wata fahimta: Habasha ta amince da layin iyaka, Sudan ta bar manoman suna nomansu. A takarda abin ya yi kyau. A daji kuwa, da kaka ta yi, sai shifta su fito da bindiga, a kwashe riɗi, a kora shanu, a kama mutum a gona ko a hanya a ce sai an kawo kuɗin fansa. Kuma in faɗi gaskiya, tunda ana jin mu a ɓangarorin biyu: talakan Matamma da na Abdurafi su ma ba su tsira daga 'yan bindiga ba. Ɓarawo ba ya duba takardar ɗan ƙasa.

Abin da Mubarak al-Nur ya yi a shekarunsa huɗu shi ne ya hana maganar nan kwanciya. In an sace mutane, sai ka ji shi a jarida ko a rediyo yana faɗin inda abin ya faru. A majalisa yana ta da batun ƙasar da aka mamaye, yana neman a sa alamomin iyaka, yana neman gwamnati ta zo ta yi bayani. A lokacin Khartum tana ɗasawa da Addis Ababa, ba ta son a yi ta tone-tone. Ya dawo da gona ko ɗaya da bakinsa? A'a. Sojoji ne suka shiga Fashaga a ƙarshen 2020, bayan yaƙin Tigrai ya ɓarke, lokacin kuwa majalisar ta daɗe da rushewa. Wani zai ce, to ina amfanin surutun? Ni a ganina amfaninsa shi ne babu wani babba a Khartum da zai iya cewa bai sani ba. Mutumin da aka kama ɗansa a gona ya san akwai lambar da zai kira, kuma gobe ko jibi sunan ƙauyensu zai fito a bakin wani a gaban minista. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da kowa.

Akwai misali na biyu, shi ba ɗan majalisa ba ne, amma da ƙuri'a ya hau. Karamallah Abbas, babban manomi, jagora a ƙungiyar manoma, shi aka zaɓa walin Gadarif a Afrilun 2010. Ya fito fili ya yi sa-in-sa da ministan kuɗi na tarayya, Ali Mahmud, a kan haƙƙin wilaya da ba ya isowa, alhali jam'iyyarsu ɗaya. A 2012 ya bar kujerar. Mutane sun rabu a kansa, wasu na yabo, wasu na cewa zafin kai ne. Abin lura shi ne ya iya ɗaga murya saboda yana ganin mutanen Gadarif ne suka ɗora shi. A farkon 2015 aka gyara tsarin mulki, aka ce daga yanzu shugaban ƙasa ne zai naɗa wali. Wanda aka naɗa kuwa, kun sani, idonsa na kan wanda ya naɗa shi.

Yanzu Baffa, ga inda maganarka ta shigo, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ko a zamanin da akwai wakilai, muryar da ta fi ƙarfi daga Gadarif ta masu mashru'u ce, manyan gonakin tarakta. Ba abin mamaki ba ne. A wannan yanki aka fara noman inji a Sudan, a Gadambaliya, tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman inji. A 1970 aka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, kuma makiyaya ba su taɓa yi wa daji rajista ba, don ba a san kiwo da takarda ba. Mai mashru'u yana da takarda, yana da gida a gari, yana da mota, ya san ƙofar ofis. Makiyayi yana da sanda da tarihi. Burtalan wilayar nan, waɗanda ke kai dabbobi arewa zuwa Buɗana da damina, su dawo da su kudu wajen Rahad da bakin iyaka da rani, suna nan a taswira. A ƙasa kuwa, duk wanda ya bi su ya san inda suka tsuke har shanu ba sa iya jerawa, ya san hafirin da aka zagaye da gona har ba hanyar kai baki ga ruwa. A 2015 an yi dokar makiyaya ta ƙasa. Doka tana nan. Mai tsayawa ya ce a aiwatar da ita shi ne babu.

Me ya sa ɗan takara bai cika damuwa da mu ba? Ku duba lokaci. Rajistar zaɓen 2010 an yi ta ne a watan Nuwamba zuwa farkon Disamban 2009, daidai lokacin da garke ke kan hanyar dawowa daga Buɗana. Ƙuri'a kuma a watan Afrilu, tsakiyar bazara, kowa na can yana neman ruwa. Mazaɓa a zaune take wuri ɗaya, makiyayi kuwa a shekara yana ratsa mahalliya uku ko huɗu. Inda ya yi rajista daban, inda aka tare masa hanya daban, inda yake ranar zaɓe daban. Na'ibin wurin da aka kama shanunka ba ya ganin ka a cikin masu zaɓensa, mai gonar yake gani.

Sai maganar takarda, wadda ta fi shafar mu Hausawa da Fulani. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta ce wanda shi ko mahaifinsa ke zaune a Sudan tun kafin 1 ga Janairu 1956 ɗan ƙasa ne. Kakannin da yawa daga cikinmu sun riga wannan ranar da shekaru masu yawa, wasu tun ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno, wasu a kan hanyar Makka. Duk da haka kun san tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu in ya je neman raƙam waɗani. Wasu sun gaji sun bari. Wanda ya bari, ya sani ya cire kansa daga lissafi, na zaɓe da na komai.

'Yan kasuwar iyaka, ban manta da ku ba. Daga Gadarif zuwa Gallabat tafiyar kilomita ɗari da hamsin ce da 'yan kai, amma mai ɗauke da albasa ko sabulu zuwa can, ko mai dawowa da bun da citta da zuma, ya san sau nawa ake tsayar da shi. Wata hajiya ta taɓa nuna mini rasit huɗu na kaya ɗaya, ta ce na biyar ɗin ba a ba ta takarda ba. An rufe mashigar a tsakiyar 2022 bayan kisan sojojin Sudan bakwai, an sake rufe ta a Satumban 2024 saboda faɗan da ake yi a Matamma. Kowane rufi, kayan wani ne ke ruɓewa a mota, bashin wani ne ke hawa. A irin wannan rana ne ake jin rashin mutumin da zai miƙe ya tambaya: yaushe za a buɗe, kuma wa zai ɗauki asarar ƙananan 'yan kasuwa?

A nan akwai abin da ya kamata mu rarrabe, don sau da yawa muna kai kuka inda ba a maganinsa. Iyaka, jamarik, takardar ɗan ƙasa, tsaron soja, duk na gwamnatin tarayya ne, aikin na'ibin majalisar ƙasa ke nan. Burtali, hafiri, kuɗin kasuwa, harajin dabbobi, yawancinsu a hannun wilaya da mahalliya suke, kuma majalisar wilaya ce take amincewa da su a kasafin shekara. Wato kujerar da ta fi kusa da shanunka, Baffa, ba ta Umdurman ba ce, ta nan cikin garin Gadarif ce. Ita ce kuma muka fi rainawa lokacin zaɓe.

To yanzu da babu ko ɗaya fa? Abin da ya rage shi ne idara ahliya, wato shehu da umda da nazir, sai ardo a wurin Fulani, sai ofishin makiyaya na wilaya, sai babban jami'in mahalliya, sai kotu. Da babu gara ba daɗi. Da yawa daga cikin shugabannin nan suna ƙoƙari, sun kashe wutar da ta fi ƙarfin 'yan sanda. Amma umda roƙo yake yi, ba ya iya kiran minista ya ce zo ka amsa, ba ya riƙe kasafi. Wilaya ta cika da 'yan uwanmu da suka gudo bayan faɗuwar Madani a Disamban 2023, ga 'yan gudun hijirar Tigrai a Um Rakuba da Tunaidba. Hankalin hukuma ya rabu, mai ƙaramar murya sai ya ƙara ƙasa.

Shawarata, kuma shawara ce ta ɗanku, ba umarni ba. In abu ya faru, a rubuta. Rana, wuri, sunan burtalin, dabbobi nawa, nawa aka biya, wa ya shaida. In ba mai rubutu a ruga, yaro ya ɗauki hoto da waya, a ajiye rasit ko ya yage. A kai wa ardo ko umda kwafi, a kai ofishin makiyaya kwafi, a riƙe ɗaya. Kuka na baki iska ke tafiya da shi, amma takarda goma daga burtali ɗaya, wannan ko jami'in da ba ya son gani sai ya gani. Kuma duk ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka buga gangar zaɓe, ɗan takara ya zo da buhun sukari da lasifika, takardun nan za a shimfiɗa masa a tabarma a ce: ga masar kaza, ga hafiri kaza, ga shinge kaza a hanyar Gallabat, wanne za ka fara da shi, kuma a wane wata za ka dawo ka gaya mana inda aka kwana? A tambaye shi ma ko zai nemi a kai rajista da akwati inda garke yake.

Baffa, ka ce burtalin naka yana gabas da Doka. In kana jin mu, ka sa a aiko mana da sunan wurin da ranar da abin ya faru, da rasit ɗin tarar in yana nan. Duk wanda irin haka ta same shi bana, manomi ne ko makiyayi, shi ma ya aiko, don mun san akwai ƙananan manoma da aka cinye musu gona cikin dare ba su sami ko sisi ba. Za mu haɗa su mu nemi jami'in makiyaya ya zo nan ɗakin shiri ya zauna a gaban makirfo. In ya amsa gayyata, za ku ji shi mako mai zuwa. In bai amsa ba, za mu karanta muku saƙonnin haka nan, ɗaya bayan ɗaya.

Sai mun ji daga gare ku.