Kunyar Ɗan Fari

Yau da ke nake, mai goyon fari.

Na sani, al'ada ta ce ki yi kara: kada ki kira sunansa, kada ki yi masa wasa gaban surukai. To, ki riƙe kararki a tsakar gida, amma in kin shiga ɗaka, ki dube shi. Sabon jariri ba ya gani sosai bayan santimita 30, wato daga nono zuwa fuskarki. In kin kau da kai yana shan mama, wa zai gani? Muryarki kuwa tun yana ciki ya san ta. Ki yi masa magana, in ya yi gwaranci ki amsa. Wajen wata 2 zai biya ki da murmushi.

Abu ɗaya kada kunya ta hana ki faɗa. In taɓarya ta faɗi kusa bai razana ba, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa in kin yi magana, musamman bayan sanƙarau, ki gaya wa maigida ya kai ku asibiti a duba kunnensa.