Finafinan Zane Na Kwamfuta Da Amanar Tarbiyyar 'Ya'yanmu

 

Ya 'yan'uwa iyaye da malaman Islamiyya, abin da ya tara mu a yau magana ce a kan abin da yawancinmu muka ɗauka wasan yara ne, wato finafinan zane mai motsi da ake kira katun. Duk wanda yake cin kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ya san rumfunan cajin waya inda ake tura finafinai a memori a kan kuɗi kaɗan. Daga irin waɗannan rumfuna suke shiga ƙauyukan Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, har gidajen da ko wutar lantarki babu. Da dare, lokacin da a da kaka take tara jikoki ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yanzu yara biyar ko shida ne suke haɗa kai a kan waya ɗaya. Uba ya leƙa, ya ga zane ne, sai hankalinsa ya kwanta.

Ba za mu tsaya a kan hukuncin hoto ba, domin wannan mas'ala ce mai buƙatar zama na musamman. Malamai sun yi saɓani a cikinta, kuma waɗanda suka sassauta ga yara sun kafa hujja da cewa Nana A'isha (RA) tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, har da doki mai fukafukai, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Tambayarmu a yau ita ce: wane ne yake yi wa yaron magana a cikin wayar nan?

Da yawa daga cikin waɗannan finafinai asalinsu ƙananan littattafan yara ne masu hotuna. Irin wannan littafi galibi shafi 32 ne, uwa tana karanta shi ga ɗanta cikin minti goma. Shi kuwa fim, sai ya kai wajen minti casa'in kafin a kai shi silima. Ke nan akwai giɓin minti tamanin da marubucin littafin bai rubuta ba, kuma dole wani ya cike shi. Aikin ba ƙarami ba ne: kowace daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24, minti casa'in kuwa hoto 129,600, kowanne sai kwamfuta ta haɗa shi. Tun da aka fito da Toy Story a 1995, fim na farko mai tsawo da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta, wannan sana'a ta zama ta manyan kamfanoni masu zuba miliyoyin daloli. Wanda ya zuba dukiya haka kuwa, abin da zai dawo masa da ita shi yake zubawa a cikin giɓin.

Mu ɗauki Shrek. William Steig ya wallafa littafin a 1990, labarin wani mummunan dodo da ya bar gida ya auri wadda ta fi shi muni, shi ke nan. Da kamfanin DreamWorks ya mayar da shi fim a 2001, sai aka ƙara kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe da doguwar soyayya, da barkwanci mai harshen damo wanda aka tanada domin manyan da suka biya kuɗin tikiti. Yaro ba ya gane shi a yau, amma kunnensa ya saba da shi. The Polar Express kuwa, littafin 1985 da ya zama fim a 2004, kiransa ga yaro a fili yake: ya gaskata da tsohon nan mai rabon kyauta a daren Kirsimeti. Wanda ya san matsayin tauhidi ba ya buƙatar sharhi.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne The Lorax. Dr. Seuss ya rubuta shi a 1971 a kan wani mai kwaɗayin riba da ya sare itatuwan wata ƙasa ƙaf, har ruwa da iska suka gurɓace, dabbobi suka yi ƙaura. Wannan darasi ne da manomin wannan yanki zai fahimta fiye da kowa. Iyayenmu sun noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, amma sun bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye a cikinta, domin sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Hadisin Anas (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga dashen Musulmi sadaka ne a gare shi. To, littafi mai irin wannan alheri, da aka mayar da shi fim a 2012, sai aka ɗora masa labarin yaro mai neman itace domin ya burge budurwa. Abin mamaki kuma, har aka yi amfani da taurarin fim ɗin wajen tallan motar Mazda. Littafin da ya yi wa'azi a kan kwaɗayi ya koma ɗan kiran kasuwa.

Kada wani ya zaci wannan ciwo na Turawa ne kaɗai. A 2015 an fito da fim ɗin kwamfuta a kan Sayyidina Bilal (RA), wanda wani kamfani na Dubai ya shirya. Su ma sun tarar da giɓin, domin abin da littattafan sira suka kawo game da ƙuruciyar Bilal kaɗan ne, sai suka cike da ƙirƙira, suka kuma zana fuskokin sahabbai irin su Sayyidina Hamza (RA), alhali Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta daɗe da hana kwaikwayon sahabbai. Wannan, a ganinmu, ya fi na Shrek hatsari, domin yaro zai riƙe ƙirƙirar a matsayin tarihin addininsa, malamin Islamiyya kuma ya sha wahalar cire ta.

Sauya wa labari riga ba laifi ba ne. Alhaji Abubakar Imam, a ƙarshen shekarun 1930 a Zariya, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya zuba a Magana Jari Ce, amma abin da ya ƙara musu kunya ce da ladabi da hikimar ƙasar Hausa. Haka kaka take yi: tana tsawaita tatsuniya, tana gajarta ta, tana duban idon jikanta. Matasanmu da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, ga fili nan. Gizo da Ƙoƙi da Botorami suna jiran mai zana su, da sharaɗin malamai su duba abin da aka ƙara.

Kafin wannan ya samu, aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa maigida nauyin tsare iyalinsa, kuma wannan nauyi bai sauka ba don abin kallon zane ne. Duk fim ɗin da zai shiga memorin gidanka, ka fara kallonsa har ƙarshe, ko ka sa babban ɗanka mai hankali ya kalla ya ba ka labari. Wanda ya dace, ka zauna tare da yaran, ka tsayar da shi a tsakiya ka tambaye su abin da suka fahimta. 'Yan'uwanmu masu rumfunan caji kuwa, muna roƙon shugabannin rassa su zauna da su cikin hikima da mutunci, su nemi su daina tura wa yaro ƙarami komai sai da sanin mahaifinsa.