Idan an ba ’yarki karatun tsohon harshe

 

Duk shekara idan jami’o’i suka fitar da sunayen ɗalibai, akan sami gidan da rai ya ɓaci. An so yarinya ta karanci likitanci, sai ga shi an ba ta Larabci. Sai ki ji uwa tana cewa, “Wannan ai karatun zaure ne, ta yi zamanta gida.” To uwargida, dakata ki ji.

A Jami’ar Ibadan, tun kafuwarta a 1948, akwai sashen da ake koyar da tsohon Girkanci, harshen mutanen da malamanmu ke kira Yunanawa. Magana ce ta shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Ɗalibi kan fara da baƙaƙensu 24, ya shiga nahawu, sannan ya kai ga waƙoƙin Homa da littattafan Aristo. Ba don ciniki a kasuwa ake koyonsa ba, sai don a ɗebo ilmin daga tushe.

Kin san amfanin da irin wannan karatu ya taɓa yi mana? A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, wani mai fassara, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan likitancin Jalinusu daga Girkanci zuwa Larabci. A kansu su Ibn Sina suka ɗora. Kin ga ke nan, likitancin da kike wa ’yarki kwaɗayi, mai karatun harshe ne ya share masa hanya. Mandiƙin da ake karantawa a zaurukanmu ma, asalinsa daga Aristo yake.

Mu nan namu tsohon ilmin cikin Larabci da ajami yake. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa har 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna nan Bodinga, kuma ya wallafa nahawu cikin waƙe. Nana Asma’u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Rubuce-rubucen magabata na nan ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, wasu kuma cikin gafakokin gidajenku. Idan ’ya’yanmu ba su koya ba, wa zai karanta mana su?

Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen Larabci. Wadda ta gama tana iya koyarwa, ko fassara, ko aikin rediyo irin nawa.

Don haka kada ki karya mata gwiwa. Ki zauna da maigida cikin ladabi ku fahimci juna, ki sa mata albarka ta tafi.

Allah ya yi wa zuri’armu albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.