SANDAR DA KE RIƘE BONET ƊIN TARAKTA

(Jawabin da aka yi wa manoma da direbobin tarakta a wani taro kafin faɗuwar damina)



Yau zan yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da ba a kula da shi sai ranar da ya yi ɓarna. Shi ne sandar nan da ke ɗaga bonet ɗin tarakta, ta riƙe shi a sama. Wasu makanikai suna ce mata shokozobar bonet.

Na taɓa ganin wani yaron direba ya sa kai yana duba mai, sai bonet ya rufto masa a hannu. Yatsu biyu suka karye. Ya yi wata guda bai riƙe fartanya ba, ga shi ana tsakiyar noman farko.

Me ke cikin sandar? Iska ce mai suna naitirojin, an matse ta ƙwarai, tare da ɗan mai kaɗan. Akwai roba a bakinta wadda ke hana iskar fita. Ƙura da zafi suna cin wannan roba. In ta lalace, iska ta sulale, sanda ta mutu. Za ku ga bonet ya yi nauyi, ko yana saukowa a hankali, ko mai yana tsatsafowa a jikin sandar. Da sanyin safiya na hunturu abin ya fi tsanani, domin sanyi yana rage ƙarfin iskar.

To, abin da ya fi damuna ba karayar yatsa kaɗai ba ne. Direban da bonet ke ba shi wahala yakan daina buɗewa. Sai ya bar duba mai da ruwa, ƙaiƙayi ya toshe lagireto, inji ya yi zafi. Sandar kuɗi kaɗan ta jawo gyaran inji.

Mai faci ba zai iya sa mata iska ba. Sabuwa ake saye.

Kafin ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, karanta rubutun da ke jikin tsohuwar. Za ka ga lamba da harafin N. Wannan shi ne ƙarfinta. In an rubuta 400N, tana ture nauyin kilo 40 ke nan, ko kusa da haka. Rubuta lambar a takarda. Auna tsawonta tana miƙe, ko ma ka tafi da ita. Kada mai kanti ya ce maka ta mota ma za ta yi. Mai rauni ba za ta riƙe ba. Mai ƙarfi da yawa kuwa za ta lanƙwasa maɗaurin, bonet ya ƙi rufuwa. In biyu ne a taraktarka, canza su tare.

Wajen ɗaurawa, kashe inji, cire makulli. Tokare bonet da ƙaƙƙarfan icce, wani kuma ya riƙe maka. Sa sukudireba ka ɗan ɗaga ƙaramin ƙarfen da ke kan sandar, sai ta fita. Sabuwar kuwa, siririn ɓangaren ya dubi ƙasa idan an rufe bonet, don man ciki ya riƙa jiƙa robar. Kada ka kama siririn da filaya, kada ka shafa masa giris, ƙura zai tara. Tsumma mai tsabta ya isa.

Tsohuwar kuma, kada a huda ta, kada a jefa ta wuta, kada a bar wa yara. Ko ta mutu akwai sauran iska a ciki, tana iya fashewa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.